Neman kalma: me za mu kira gabar da ake gada a littafin Haji Murad?

Mai fassara:
Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa, yau da ƙoƙon bara na zo. Wata biyu ke nan ina taƙaita wa ƙungiyarmu ta karatu wani littafi da Hausa, babi-babi, muna haɗuwa duk Asabar bayan La'asar. Littafin shi ne Haji Murad na Leo Tolstoy, marubucin nan na Rasha. A fassarar Turanci na karanta shi, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini a maƙogwaro.

Ta farko ita ce posthumous. Tolstoy ya fara rubuta littafin a 1896, ya yi ta juya shi har 1904, ya rasu a 1910 bai ba da shi an buga ba. Sai a 1912 ya fito, shi ma bayan masu tace rubutu na gwamnatin sarkin Rasha sun yanke wasu wurare, musamman inda aka taɓa Sarki Nikolas na Ɗaya. Kullum sai na ce "littafin da aka buga bayan rasuwar marubucinsa". Daidai ne, amma kalma bakwai ce, ina son wadda za ta zauna a baki.

Ta biyu ta fi damuna. Turawan Ingila suna cewa blood feud, na Italiya suna cewa vendetta, Rashawa kuma krovnaya mest. Haji Murad mutum ne da ya rayu da gaske, ɗan ƙabilar Awar a duwatsun Dagistan, na'ibin Imam Shamil wanda ya jagoranci yaƙi da Rasha a yankin Kaukasus daga 1834 zuwa 1859. A ƙarshen 1851 suka ɓata da Shamil, ya koma wajen Rashawa, iyalinsa kuwa suna tsare a hannun Imam. A watan Afrilu na 1852 ya gudo daga wajen Rashawan don ya ceto su, aka rutsa shi aka kashe shi. Duk inda ya sa ƙafa a labarin akwai wani jini da ke bin sa ko wanda shi yake bi. Na rubuta "ɗaukar fansa", na karanta wa 'yan ƙungiya, sai wata babbar malamarmu ta ajiye kofin kununta ta ce, "Malama, wannan abin ya fi ƙarfin fansa." Tun ranar na kasa samun abin da zan sa a gurbinta.

Baba daga Damagaram:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ta farkon ba ta da wuya, muna da ita a gida. Yaron da ubansa ya rasu ya bar cikinsa, Audi ake kiran sa. Malamai ma suna dakatar da rabon gado har a haife shi, don yana da kaso ko da bai ga uban ba. Littafin nan naki Audi ne. Uban ya bar shi a ciki, wasu suka karɓi haihuwarsa, wasu suka yi masa aski yadda suka ga dama, shi kuwa ba ya nan balle ya ce a'a.

Ɗalibar Hausa, Sakkwato:
Baba, ni da na ce "marayan littafi", ko "littafin barin ciki". Yaran yanzu in sun ji Audi mota za ta faɗo musu a rai.

Baba daga Damagaram:
Ranar da Tolstoy ya cika, duk littattafansa suka zama marayu, har waɗanda ya gani da idonsa a hannun jama'a. Wannan kuwa bai taɓa ganin uban ba. Barin ciki kuma ki yi hankali da shi. Rabin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, mai karatu zai ga ɓarin ciki, ya ɗauka littafin bai zo da rai ba. In yara sun manta Audi, ai dalili ke nan na a tuna musu.

Mai fassara:
Na karɓa, Baba, Allah ya ƙara girma. Zan rubuta "audin littafi", in yi bayaninsa sau ɗaya a farko, daga nan ya tsaya da ƙafarsa. Saura mai wuyar.

Ma'aikacin rediyo, Kaduna:
Malama, mu a ɗakin labarai "ramuwar gayya" muke cewa. "Harin ramuwar gayya" ba wanda ba ya ganewa, daga Maraɗi har Kumasi. Kuma ga karin maganar a shirye: ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Me ya rage mata?

Mai fassara:
Yaya, na gwada ta, bari in nuna maka inda ta gaza. Akwai wurin da Haji Murad ya zauna da wani hafsan Rasha mai suna Loris-Melikof yana ba shi tarihinsa. Mahaifiyarsa ta shayar da babban ɗan sarkin Awar, don haka shi da 'ya'yan sarki tamkar 'yan gida ɗaya suka tashi. Imam na biyu, Hamzat Bek, ya yaudari 'ya'yan sarkin zuwa sansaninsa aka kashe su, aka kashe mahaifiyarsu. Haji Murad ya ce ranar tsoro ya kama shi ya gudu, kuma kunyar wannan gudun ce ta hana shi sake jin tsoro har abada. A 1834 shi da yayansa Usman suka kashe Hamzat a cikin masallacin garinsu, Hunzak, Usman ya mutu a wurin. Shamil ya gaji Hamzat. Da Shamil ya aiko yana neman Haji Murad ya shigo cikinsu, sai ya ƙi, ya ce jinin ɗan'uwansa da na ɗan sarki suna kan Shamil.

To ka duba. Ramuwar gayya zafin rai ce. An yi maka, ranka ya ɓaci, ka rama fiye da yadda aka yi maka, ka huce. Mutum ɗaya, lokaci ɗaya. Wannan kuwa ba ta jiran ɓacin rai. Ko ka huce tana nan. Ko ka mutu tana nan, ɗanka ya ɗauka. A ƙarshen littafin, cikin waɗanda suka kewaye Haji Murad a kurmin da ya fake har da ɗan Ahmad Khan, tsohon maƙiyinsa, wanda ya taɓa sa aka ɗaure shi a jikin igwa kwana shida. Uban ya riga ya mutu, ɗan ya zo a madadinsa. In na ce ɗan ya zo ramuwar gayya, mai karatu zai tambaye ni: shi me aka yi masa?

Fansa kuma matsalarta daban. Asalinta kuɓutarwa ce, fansar bawa, fansar kai. Yanzu kuwa, da halin da muke ciki, da ka ce fansa sai hankali ya tafi ga kuɗin fansa da masu garkuwa. Kuma a littafin nan akwai fansar gaske: Haji Murad ya yi ta roƙon Rashawa su musanya iyalinsa da fursunonin da ke hannunsu. In na kashe kalmar a kan jini, da me zan kira wannan?

Malamin Larabci, Kano:
Malama, kafin wani ya kawo "ƙisasi", don na san za a kawo, bari in tare ƙofar. Ƙisasi hukunci ne. Ana kai ƙara, alƙali ya binciki shaida, a tabbatar da wanda ya yi kisan, shi kaɗai a kama. Waliyyan mamaci suna da zaɓi su yafe ko su karɓi diyya, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 178. A Suratul Isra'i, aya ta 33, an ba waliyyi iko amma an hana shi wuce iyaka a kisa. Abin da kike bayani Larabawa suna kiran sa tha'ar, kuma sun san shi ciki da bai. Yaƙin Basus tsakanin Bakar da Taglib, wanda aka ce ya kai shekara arba'in, daga kashe raƙuma guda ya faro. A tha'ar ba ruwan mai bi da wanda ya riƙe wuƙar; in bai same shi ba, ƙaninsa ko ɗan baffansa ya isa. Wannan ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke a huɗubar ban kwana, da ya ce jinanen jahiliyya duk an sa su ƙarƙashin ƙafarsa, ya kuma fara da jinin gidansu.

Ga abin da ya sa batun ya shafi littafinki kai tsaye. Mutanen duwatsun nan Musulmi ne, amma suna da dokokin gargajiya da suke kira adat, wato al'ada, kalmar nan dai tamu. Imaman uku, Gazi Muhammad da Hamzat da Shamil, da sunan ɗora shari'a a kan adat suka tashi, kuma Shamil ya yi ƙoƙarin danne bin jini ya mayar da shi ga ƙisasi da diyya. In kika fassara abin da ƙisasi, kin haɗe abu biyun da mutanen suke rigima a kansu, kin kuma sa wa al'ada rigar addini.

Mai fassara:
Allah ya gafarta Malam, wannan ya warware mini abin da ban ma san ya ɗaure ba. Shi ya sa Shamil na cikin littafin yake da wuyar sha'ani. Yana zaman shari'a da mashawartansa, yana sallah a gaban jama'a, amma ya jefa Yusuf, ɗan Haji Murad mai shekara 18, a rami, ya sa shi ya rubuta wa ubansa cewa in bai dawo ba za a ƙwaƙule wa yaron ido. Kama ɗa da laifin uba, ai tha'ar ɗin ce ta dawo ta bayan gida. Tolstoy bai ce haka da bakinsa ba, ya dai ajiye maka abin a gaba.

To in aro tha'ar ɗin ne? Sa'ar za ta zama a bakinmu, ta rikice da sa'a.

Ɗalibar Hausa, Sakkwato:
Malama, "gabar jini" fa? Gaba tana daɗewa, ana gadon ta, ana cewa tsohuwar gaba. An samu daɗewar, an samu jinin.

Hajiya mai shagon littattafai:
'Yata, ni da na ji gabar jini, 'yan ubanci na gani. A bakinmu jini zumunci ne kafin ya zama kisa: ɗan'uwana na jini, jini ya fi ruwa kauri, jininmu ya haɗu. Wanda bai karanta littafin ba zai ɗauka wa da ƙani ne ba sa ga maciji a kan gado. Sannan gaba tana iya zama ta ƙauracewa kawai. Na san mata biyu a layinmu da suka shekara goma ba sa gaisawa, ba wadda ta taɓa ɗaga wa wata hannu.

Amma akwai maganar da iyayenmu ke yi, bashin gaba. Wane ya ci bashin gaba, wato ya yi abin da sai an biyo shi da shi ko ba daɗe ko ba jima. Ni a nan nake jin ƙamshin abin da Malama ke nema.

Baba daga Damagaram:
Hajiya ta taɓa wurin. Ina yaro, a ƙauyen kakannina na wajen uwa, akwai gida biyu da ba sa auren juna, ba sa cin tuwon juna, in ɗaya ya zo rijiya ɗayan sai ya jira a gindin aduwa har ya gama. Na tambayi kakata, ta rage murya ta ce, "Akwai jini a tsakaninsu, suna bin su." Kalmar da ta faɗa ke nan, bi, kamar yadda ake bin bashi. An yi kisan tun ba a haifi uwata ba. Abin da ya hana shi zama irin na duwatsun can, akwai alƙali, akwai sarki, an kai magana an yanke, saura ya zama na zuci. Ina ganin shi ya sa ba mu da kalma guda tsayayya a kansa. Inda hukuma take nesa, kowane kwari da dattawansa, dangi ne ke zama alƙali da ɗan doka.

Mai fassara:
Baba, Hajiya, kun sa na tashi na ɗauko littafin cikin dare. Bashin jini. Bari in gwada shi a wuraren da sauran suka faɗi.

Bashi ana gadon sa, na bi da na biya, don haka zuwan ɗan Ahmad Khan ba ya buƙatar bayani. Bashi ba ya buƙatar fushi. Kana iya bin mutum kuna gaisawa. Bashi yana da kunya, wanda ya ƙi bin jinin ɗan'uwansa ba ya iya ɗaga kai a dandali. Akwai wata waƙa da Hanafi, amintaccen Haji Murad, yake rerawa a littafin. Mamaci ne ke magana daga kabari, yana cewa uwa za ta manta, uba zai manta, hawayen 'yar'uwa zai bushe, amma yayansa ba zai manta ba sai ya bi jininsa, ƙaninsa ma haka sai ya kwanta kusa da shi. Haji Murad yana lumshe ido in ana rera ta. Wasiyya ce ta mai bin bashi ga magadansa.

Kuma kalmar tana haihuwa, abin da nake nema ke nan tun farko. Rashawa suna da krovnik, mutumin da jini ke tsakaninka da shi. Mu sai mu ce mai bin jini ga wanda ke nema, wanda ake bi jini ga wanda ake nema. Aikatau ɗin duk muna da su: ya ci bashin jini, suna bin su jini, an biya jini da jini, an yafe jini.

Ɗalibin shari'a, Zariya:
Malama, ina da ja guda. Bashi in an biya ya ƙare. Wannan kuwa biyan shi ne ke buɗe sabo. Usman da Haji Murad sun biya jinin 'ya'yan sarki da na Hamzat, sai jinin Usman ya zama sabon bashi. Kada kalmar ta sa mai karatu ya zaci akwai ranar da lissafi zai daidaita. Sannan "bashi" yana iya ba abin kamannin hakki, alhali Malam ya nuna mana an soke shi.

Malamin Larabci, Kano:
Ja mai kyau, ɗana. Amma ka tuna a huɗubar nan guda aka soke jinin jahiliyya da ribar jahiliyya, ɗaya bayan ɗaya. Akwai bashin da ba ya ƙarewa, mai ruwa, wanda kullum kana biya yana hayayyafa. Bahaushe ya san shi sarai. Sunan abu kuma ba halatta shi ba ne. Mai fassara aikinta ta nuna yadda mutanen suke jin abin a ransu, su kuwa a matsayin wajibi suke jin sa. Hukuncinsa a shari'a sai a faɗa da wata jimlar.

Mai fassara:
Na yarda da ku duka biyun, kuma jan Ɗalibi ya tuna mini wani wuri da ba zan yi amfani da kalmar ba ko kusa. Babi na 17, gajere ne ƙwarai, yana cikin waɗanda aka yanke a bugun 1912 na Rasha. Sarki Nikolas yana fadarsa a Fitasbag, babban birnin Rasha na lokacin, ya ba da umarni a ci gaba da matsa wa Chechniya. Sojoji suka shiga ƙauyen da Haji Murad ya kwana a farkon littafin. Sado, mai gidan da ya sauke shi duk da Shamil ya hana, ya dawo ya tarar rufin ɗakinsa ya rufta, an ƙone ciyawar dabbobi da amyoyin zuma, an kakkarya itatuwan da tsohon gidan ya dasa, an ƙazantar da idon ruwa da masallaci. Aka kawo gawar ɗansa a kan doki, yaron nan mai ƙyallin ido da ya yi ta kallon baƙo a daren farko, an soke shi da wuƙar bakin bindiga ta baya. Tolstoy ya ce ba wanda ya yi maganar ƙiyayya, don abin da suke ji ya wuce ƙiyayya.

Da na karanta wannan a ƙungiya ba wadda ta yi magana har aka kira Magariba. Sojojin nan ba sa bin Sado komai, ba su san sunansa ba, sun koma sansani suna waƙa. Bashin jini, duk muninsa, yana da suna da fuska, ka san wanda kake bi da dalili. Wannan kuwa takarda ce aka sa wa hannu a nesa. In na kira su duka da suna guda, na ɓoye abin da Tolstoy ya kwashe shekara takwas yana son a gani. A nan zan ce ƙone gari da kisan ba gaira ba dalili, yadda yake.

Ma'aikacin rediyo, Kaduna:
Na sauka daga kan ramuwar gayya, Malama, amma zan riƙe ta ga harin da aka kai yau saboda na jiya. In abin ya kai ana gadon sa gida-gida, kamar yadda ake ba da labarin tsaunukan arewacin Albaniya da tsibirin Kosika, zan gwada bashin jini a iska in ji abin da masu saurare za su ce. Ki ɗan sa mana shi a jimla mu ji yadda yake sauka a kunne.

Mai fassara:
To ga yadda na gyara wurin da zan karanta ranar Asabar, daga babi na 20:

Ranar da Haji Murad zai bar sansanin, yana tsaye a bakin ƙofa ana sallama, sai ga Arslan Khan, wani basaraken ƙabilar Kumik, ya iso a kan doki. Mai bin jini ne. Bai ce uffan ba ya zaro ƙaramar bindiga ya auna shi. Kafin ya ɗana, Haji Murad ya yi tsalle kamar kyanwa duk da gurguwar ƙafarsa, harsashi ya wuce, ya cafke linzamin dokin da hannu ɗaya, ɗayan yana kan wuƙa. Da aka raba su, matashin hafsa Butla ya tambaye shi me ya sa mutumin ke son kashe shi. Haji Murad ya ce dokarsu ce haka, akwai bashin jini a kansa na wani ɗan'uwan Arslan. Hafsan ya ce, in ya bi ka a hanya fa? Ya yi murmushi ya ce in ya kashe shi, to Allah ne ya so. Sannan ya juya ya yi wa matar gidan godiya, ya hau dokinsa.

Baba, in da inda ya yi tsami a kunnenka, ka faɗa mini kafin Juma'a.

Baba daga Damagaram:
Wuri ɗaya ne, 'yata. Cire "a kansa", ki ce "a wuyansa". A wuya muke ɗaukar bashi.